Yadda Ake Auna Ruwan Rijiyoyi Kafin a Ja wa Ƙaramin Gari Famfo

Ranar da injin haƙa ya taɓo ruwa, gari kan cika da murna. Ruwa na tsiri sama, yara na wanka a cikin taɓo, mata na guɗa, ɗan kwangila na ta karɓar gaisuwa. A ranar ne kuma ake yawan yanke hukuncin da ke jawo nadama: a sayo sumo (famfon lantarki da ake zurawa cikin rijiya) mafi girma, a kafa tanki, a ja bututu unguwa-unguwa. Sai watan Afrilu ya kama, rana ta ƙwalle, famfo ya fara tari yana fitar da iska, 'yan garuwa su koma tsohuwar hanyarsu. Ruwan da aka gani yana tsiri ran nan iskar injin ce ta hankaɗo shi, ba ya nuna abin da rijiyar za ta iya bayarwa kullum har shekara ta zagayo. Wannan sai an auna. Kuma mafi yawan awon, kwamitin ruwa na gari zai iya yi da kansa, ko aƙalla ya tsaya a kai ya fahimci abin da ake yi.

Ku fara da sanin lita nawa garin ke nema

Awon rijiya ba shi da ma'ana in ba a san da me za a gwada shi ba. Manufar ruwa da tsafta ta Najeriya ta shekarar 2000 ta ware lita 30 ga kowane mutum a rana a ƙauye, lita 60 a ƙaramin gari mai mutum 5,000 zuwa 20,000, lita 120 a birni. Hukumar Lafiya ta Duniya kuma tana ɗaukar lita 20 a matsayin mafi ƙarancin abin da mutum zai sha, ya yi girki, ya ɗan tsaftace jikinsa.

Kada ku dogara da ƙidayar 2006, ta tsufa. Ku bi masu unguwanni a ƙirga gidaje, a ɗauki gida ashirin ko talatin a tambayi mutum nawa ke kwana a kowanne, a fitar da matsakaici. Mu ɗauka kun samu mutum 8,000. Idan gari na ƙaruwa da kashi 3 cikin 100 a shekara, nan da shekara goma za su kai kusan 10,700. A ninka da lita 60, ya zama lita 642,000 a rana. Ban sa makaranta da asibiti da masallacin Juma'a da ranar kasuwa ba, ban kuma sa dabbobi ba, alhali saniya ɗaya kan sha lita 30 ko fiye a ranar zafi, akuya ko tunkiya wajen lita 5. Ku rubuta wannan adadin a shafin farko na littafin kwamiti. Za mu dawo kansa.

Ku zagaya ku ƙirga abin da ke ƙasa

Ku sayi babban littafi mai bango mai ƙarfi, ku bai wa kowace rijiya shafinta: rijiyar gargajiya, tuƙa-tuƙa, burtsatse mai sola, har da matattun da aka yi watsi da su, da idon ruwa in akwai. A rubuta inda take (kusan kowace wayar hannu ta zamani tana nuna lambobin wuri), shekarar da aka haƙa ta, zurfinta, da ko tana ƙafewa. Matattun rijiyoyi sun fi masu rai ba da labari, domin su ne ke nuna inda aka taɓa zuba kuɗi aka tashi a banza.

A nan ku nemi tsofaffin mahaƙa rijiya da matan da ke ɗibar ruwa da asuba. Mahaƙi zai gaya muku a gaba nawa ya wuce marmara, a ina ya ci karo da dutse, wace unguwa ce ruwanta ke da zartsi. Mace za ta gaya muku watan da guga ke fara dawowa da laka. Wannan ilimi ba ya cikin kowane rahoto, kuma masanin ruwan ƙarƙashin ƙasa na ƙwarai shi ma ta nan yake farawa.

Ku san kuma irin ƙasar da kuke kai. Yawancin kudancin Kano da Katsina, da Zariya da Bauchi, suna kan tsohon dutse ne. Ruwa a can yana cikin ruɓaɓɓen dutsen sama da cikin tsagogi, shi ya sa rijiya ɗaya za ta yi ruwa, wata a tazarar mita hamsin ta fito a bushe, kuma burtsatsen da ya ba da lita 1 a daƙiƙa ana kiransa mai kyau. Yankin Tafkin Chadi, wato Borno da Yobe da gabashin Jigawa da Diffa, da kuma kwarin Sakkwato da ya haɗe da babban ma'ajin ruwan Iullemmeden da Najeriya da Nijar da Mali ke tarayya a kai, ƙasa ce ta yashi da yumɓu hawa-hawa. Ruwa ya fi yawa a can, sai dai sau da yawa ya fi nisa. Sanin wannan zai hana ku sa ran abin da ƙasarku ba ta da shi.

Awon zurfin ruwa a kwance

Abin da ake nufi shi ne tazarar da ke tsakanin bakin rijiya da saman ruwa lokacin da ba a taɓa shi ba. Ana yin sa da sassafe kafin a fara ɗiba, ko bayan famfo ya kwana a kashe.

Masana na amfani da tef mai batir wanda ke yin ƙara da zarar bakinsa ya taɓa ruwa. Ku tambaya a hukumar samar da ruwa da tsafta a karkara (RUWASSA) ta jiharku ko wajen ɗan kwangila. In babu, ku haɗa naku: a samu igiyar da ba ta miƙewa, a ɗaura mata ɗan guntun bututun ƙarfe wanda aka toshe samansa aka bar ƙasansa a buɗe. Idan ya bugi ruwa za ku ji sautin “ɓul” sarai. Ku riƙe igiyar daidai baki, ku jawo, ku auna da tef. A yi sau uku, a ɗauki wanda ya maimaitu.

Abu guda da ake yawan ɓatawa: wurin da ake aunawa daga gare shi. Ku sa alamar fenti a bakin rijiyar, kowa daga nan zai riƙa aunawa har abada. In yau wani ya auna daga siminti, gobe wani daga saman bututu, lissafin shekara guda ya lalace.

A riƙa maimaita wannan awon duk wata, rana ɗaya, lokaci ɗaya. Ruwa kan kai ƙololuwarsa a ƙarshen damina, wajen Satumba zuwa Oktoba, ya yi ta sauka har Afrilu da Mayu. Ba a san maci tuwo ba sai miya ta ƙare, haka rijiya: adadin bazara shi ne na gaskiya, da shi ake tsara aiki. Idan tilas ta sa aka yi gwaji da kaka, to a rage mitocin da ruwa ke sauka kafin bazara, kuma rijiyoyin maƙwabta ne za su nuna muku ko mita nawa ne.

Awon ruwan da ke fitowa

Wannan mai sauƙi ne. Jarka mai lita 25 da agogon waya sun isa. A bar famfo ya yi minti goma yana aiki, a tara jarkar, a ga daƙiƙa nawa ta ɗauka. In ta cika a daƙiƙa 20, a raba 25 da 20, an samu lita 1.25 a daƙiƙa, wato lita 4,500 a awa. Idan ruwan na da ƙarfi har jarka na cika kafin daƙiƙa goma, a koma ganga mai lita 200. Ku fara tabbatar da cikin jarkar da kwalba mai awo, domin rana kan kumbura wasu, wasu kuma sun loɓe.

Idon ruwa ma haka ake yi masa: a tare shi da laka, a sa guntun bututu duk ruwan ya bi ta ciki, a jira ya daidaita, sannan a tara jarka.

Rijiyar gargajiya

A auna faɗinta daga ciki. Rijiya mai faɗin mita 1 tana riƙe lita 785 a kowace mita ta ruwa, mai mita 1.2 tana riƙe kusan lita 1,130, mai mita 1.4 kusan lita 1,540. A auna ruwan a kwance, sannan a kwashe da guga ko da famfo har ya sauka da kamar mita ɗaya, a daina, a riƙa aunawa duk minti goma sha biyar. In rijiyar mai mita 1.2 ce, ruwan ya hau da rabin mita cikin awa biyu, to lita 565 ne suka shigo, wajen lita 280 a awa ke nan. Irin wannan rijiya ta unguwa ce, ba ta tanki ba.

Ina roƙonku da Allah, kada a saukar da injin fetur cikin rijiya, kada kuma kowa ya shiga don ya duba. Gubar da ke cikin hayaƙin injin tana taruwa a ƙasa, ba ta da wari mai gargaɗi, kuma wanda ya shiga ceto shi ma yakan tafi. Injin yana sama, nesa da baki, tiyo ne kawai ke sauka.

Gwajin burtsatse, inda maganar take

Wannan aikin na ƙwararre ne, amma ku ne masu biya, ku ne kuma masu shan ruwan, don haka ku sa shi cikin takardar kwangila tun kafin injin ya shigo gari, ku kuma riƙe wani kaso na kuɗin sai an kammala shi an ba ku sakamako a rubuce.

Kafin komai, ku karɓi takardar haƙa: zurfin rijiyar, irin ƙasar da aka ratsa mita-mita, inda aka taɓo ruwa, da inda aka sa bututu mai tsage-tsage da ruwa ke shigowa ta cikinsa. A wanke rijiyar da iska har ruwan ya fito garau. Ku tari bokiti, ku juya ruwan da hannu, ku bar shi ya kwanta. In yashi ya taru a tsakiya fiye da ɗan abin da zai rufe kan yatsa, wankin bai isa ba, kuma yashin nan shi zai cinye muku sumo. Bayan wanki a bar rijiyar ta huta kwana guda.

Kayan aiki: sumo na gwaji, janareta da man da zai kai ƙarshe ba tare da an kashe ba, bawul na rage ko ƙara ruwa, tef, jarka ko ganga, agogo, fitila, da mutum huɗu aƙalla da za su yi karɓa-karɓa. A zura siririn bututu a gefen na famfo don tef ya bi ta ciki kada ya sarƙe da waya. Ruwan da ake fitarwa kuma a ja shi da tiyo nesa, mita ɗari in zai yiwu, ta ɓangaren gangare. In ya kwanta a gindin rijiyar zai koma ƙasa, a yi ta juya ruwa ɗaya ana murna.

Gwaji na farko na hawa-hawa ne. A fara da ɗan ruwa kaɗan na awa ɗaya, a ƙara buɗe bawul na wata awar, haka har hawa huɗu, ana auna zurfin ruwa da yawan fitarsa a kowane hawa. Za ku ga a hawan farko da na biyu ruwa ya sauka ya tsaya. Akwai hawan da zai zo ya yi ta zurarewa ba tsayawa. Wannan hawan ya fi ƙarfin rijiyar, na ƙasa da shi za a ɗauka. Sai a sake barin ta ta huce har ruwa ya koma inda yake.

Gwaji na biyu shi ne na dogon zango: a ja ruwa da ƙarfi ɗaya, ba ƙari ba ragi, na awa 24 a ƙalla. Ga rijiyar da za ta ciyar da tankin gari, ni awa 48 zuwa 72 nake ba da shawara, musamman a ƙasar dutse. Dalili kuwa, tsagar dutse tana iya zama kamar randa: ta ba da ruwa da kyau awa goma sha biyar, sannan ta ƙare. Gwajin awa uku ba zai taɓa tona wannan ba, kuma shi ne abin da ake yawan yi a sallami mutane.

Lokutan awo suna da muhimmanci, domin ruwa ya fi saurin sauka a farko. A minti goma na farko a auna duk minti ɗaya. Daga nan zuwa minti ashirin, duk minti biyu. Zuwa awa ɗaya, duk minti biyar. Zuwa awa biyu, duk minti goma sha biyar. Zuwa awa shida, duk rabin awa. Bayan haka duk awa ɗaya, dare da rana. A riƙa tara jarka lokaci-lokaci, domin yayin da ruwa ke nisa famfo kan rage ƙarfi, sai a ɗan gyara bawul. In janareta ya mutu a tsakiya, a rubuta lokacin, a jira ruwa ya dawo, a faro daga farko. Da ciwo, amma lambobin da aka cike gurbinsu da ka ba su da amfani. In akwai rijiya kusa, a sa mutum ya riƙa auna ta ita ma. Idan ruwanta na sauka tare da naku, daga kwano ɗaya kuke sha, kuma gara a san haka yanzu da a sani ranar da maƙwabta suka kai ƙara wajen dagaci.

Da an kashe famfo, gwaji na uku ya fara nan take, kuma a nan ne gajiya kan sa mutane su naɗe kaya. Kada ku yarda. A auna dawowar ruwan da irin lokutan farko, har ya maido kashi 90 zuwa 95 cikin 100 na abin da ya sauka. Rijiyar da ta dawo cikin 'yan awoyi tana da gindi. Wadda aka ja awa 24, ta yi wasu awa 24 ba ta dawo ba, ana cin ajiyarta ne, ba abin da ke shigowa ba.

Yadda za ku karanta lambobin

Mu ɗauka ruwa a kwance yana mita 12. Bayan awa 24 ana jan lita 1.25 a daƙiƙa ya tsaya a mita 30. Saukarsa mita 18 ke nan. Takardar haƙa ta nuna babbar jijiyar ruwan tana mita 38. Daga 12 zuwa 38 mita 26 ne, iyakar filin da kuke da shi, domin bai kamata ruwa ya sauka ƙasa da jijiyar ba. Masana kan yi amfani da kamar kashi biyu cikin uku na wannan filin, su bar sauran saboda bazara da shekarar fari, wato wajen mita 17. Tunda gwajin ya ci 18, ya ɗan zarce, sai a tsayar da rijiyar a lita 1 a daƙiƙa. Da wannan adadin za a sayi sumo, ba da abin da mai shago ya ce ya fi ƙarfi ba. Babban famfo a ƙaramar rijiya yana zuƙe ta, ya ja iska da yashi, ya ƙone.

Yanzu ku buɗe shafin farko. Lita 1 a daƙiƙa lita 3,600 ce a awa. In ana ja awa 16 a bar ta ta huta awa 8, lita 57,600 a rana. In sola ce kawai ba batir, ranar da ke da ƙarfin tura famfo sosai ba ta wuce awa shida zuwa bakwai, wato lita 25,200 in an yi sa'a. Garinmu na misali yana neman 642,000. Irin wannan rijiya sai guda 12 da wutar awa 16, ko 26 da sola zalla. Ko an sauko zuwa lita 30 ga mutum, rabin haka ake bukata. Wannan lissafin ba ya da daɗin ji, amma shi ke bayyana dalilin da ya sa ake ganin dogon tanki a gari, famfuna kuma a bushe. Da shi ne za ku yanke shawara: a raba gari shiyya-shiyya kowace da rijiyarta, ko a kira masu binciken ƙasa da na'urar lantarki su duba bakin fadama ko kwari a ja bututu daga can, ko a bar tuƙa-tuƙa da rijiyoyin gargajiya su ɗauki wanki da dabbobi. In za a haƙa fiye da ɗaya, a ba su tazara gwargwadon abin da rijiyar maƙwabta ta nuna lokacin gwaji.

Ingancin ruwan

Ruwa garau ba shi ne ruwa mai lafiya ba. A ɗebi samfuri a ƙarshen gwajin dogon zango, lokacin da ruwan ƙasa na ainihi ke fitowa. Kwalbar gwajin ƙwayoyin cuta daga ɗakin gwaje-gwaje ake karɓo ta a tsaftace, ba a taɓa bakinta, a sa ta cikin kula mai ƙanƙara, a kai cikin awa shida in zai yiwu, kada dai ta wuce kwana ɗaya. A rubuta sunan rijiya da rana da lokaci a jiki.

Ku nemi a duba waɗannan, ku gwada da ma'aunin ruwan sha na Najeriya da na Hukumar Lafiya ta Duniya. Ƙwayar cutar da ke nuna bayan gida ya shiga ruwa: kada a samu ko ɗaya a mililita 100. Naitiret, wanda ke fitowa daga masai da taki kuma yake cutar da jarirai: kada ya wuce miligiram 50 a lita. Sinadarin fuloraid kada ya wuce miligiram 1.5 a lita. Dalma kada ta wuce 0.01. Ƙarfe in ya haura 0.3 yana sa ruwa ja, ya ɓata tufafi, mutane su guje shi su koma tafki.

Fuloraid ba shi da ɗanɗano ba shi da launi. A Tibiri ta jihar Maraɗi, ruwan wata rijiya mai zurfi da ke ɗauke da shi da yawa ya lanƙwasa ƙasusuwan yara masu yawa kafin a gano, kuma a yankin Kaltungo na Gombe an san shi da rina haƙora. Inda ake haƙar zinare ko wanke ma'adinai, bayan abin da gubar dalma ta yi wa yara a ƙauyukan Anka da Bukkuyum na Zamfara a 2010, gwajin dalma wajibi ne. Ku kuma taka da ƙafa ku auna: masai, bola da turken dabbobi su kasance aƙalla mita 30 daga rijiya, kuma ba ta saman gangare ba. A maimaita gwajin ƙwayoyin cuta da damina, lokacin da ruwan sama ke wanko ƙazanta.

Bayan an buɗe famfo

A sa mitar ruwa a bakin kowace rijiya, a bar siririn bututun awon nan a ciki kada a cire. Mai kula da famfo ya riƙa rubuta lambar mita da awoyin aiki kullum, zurfin ruwa kuma duk wata, kafin a kunna da kuma dab da kashewa. In ruwa a kwance yana nan yadda yake amma fitarsa ta ragu, matsalar ta famfo ce ko tsage-tsagen bututu sun toshe, gyara ake nema. In kuwa zurfin watan Mayu yana ƙaruwa shekara bayan shekara, ana ɗiba fiye da abin da damina ke mayarwa, sai a rage awoyi a fara neman wata rijiyar. A yi kwafi uku na takardar haƙa da sakamakon gwaji da na ɗakin gwaje-gwaje: ɗaya wajen sakataren kwamiti, ɗaya a fadar dagaci ko hakimi, ɗaya a sashen ruwa na ƙaramar hukuma, a kuma ɗauki hotonsu a waya.